Littafin Ɗan Duwan

Ni ba mai karatu ba ne. Na yi allo zuwa izu biyar, daga baya na yi ajin manya na wata bakwai a Bagudo, inda aka koya mana boko da guntayen alli. Da wannan nake rubutun nan. Amma akwai littafi guda da na yi shekara biyu da rabi a kansa, kuma duk wanda ya zauna da ni sai na ce masa ya neme shi ya karanta. Sukan tambaye ni sunansa. Ban sani ba, ban taɓa tambaya ba.

A shekarun da ake ta cewa Turawa za su tafi, sana'ata kai busasshen kifi ƙetaren iyaka, cikin ƙasar da a lokacin ake ce wa Dahome. Jakuna biyu gare ni. Duk ran kasuwa sai na bi ta wata rumfar bunu a gindin tsamiya, wurin ɗan duwan, wato kwastan ɗin Faransa. Baƙin mutum ne kamarmu, Kirista, daga can bakin teku aka turo shi, Hausarsa ta zango. Ba mata, ba abokin hira, sai wani littafi na Faransanci mai kaurin tubali. In ya gama lalube maka kaya sai ya ɗaga shi ya tambaye ka ko ka san abin da ke ciki. Fatake su ce Allah ya ba da sa'a, su kora jakunansu.

Ni wata rana jakina ɗaya ya kwanta a gaban rumfar ya ƙi tashi. Shi ya sa na zauna, na ce ya karanta mini in ji.

To mu a wurinmu littafi mai kauri hanya ɗaya ake bi masa. Ka cire takalmi, ka durƙusa gaban mai shi, ya karanta layi ya fassara, ka maimaita, kuma ba a tsallake ko harafi har a sauke. Haka na ga yayana yana yi gaban malaminsa a Zagga, ni ma haka na yi. Ɗan duwan ya ce in tashi in hau benci, na ƙi. Ya karanta layin farko ya juya shi da Hausa, na maimaita. Ya ce ba sai na maimaita ba. Na ce to. Da ya karanta na biyu na maimaita. Bayan ran kasuwa uku ya gaji ya ƙyale ni. Tun daga nan nake ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Mai Jaki.

Labarin wani tsohon magini ne a ƙasar sanyi. Ya gina gada, ta shekara talatin tana tsaye, sannan ta rufta da keken doki da mutum huɗu a kai. Aka aiko masa sammaci daga birni, tafiyar kwana tara. Duk littafin tafiyar nan ce. Ko'ina ya sauka sai ya sami wanda za su yi gardama: laifin na wanda ya gina ne, ko na ruwa, ko na wanda ya labta wa keken kaya, ko kuwa ba na kowa ba. Wani likita ya ce masa mutum ba ya zaɓen komai, tafiya ake yi da shi kamar karan da ya faɗa kogi. Mai masaukin da ke zuba musu miya ta ce in haka ne shi ma likitan ya daina alfahari da waɗanda ya warkar. Sun zauna cin abincin nan farkon damina, ba su tashi ba sai da muka yanke gero.

Ban ce na gane duka ba. Akwai inda aka yi ran kasuwa uku ana neman sanin ko lokaci abu ne ko ba abu ba ne, ni kuwa kasuwa tana can tana watsewa. Amma hukuncin nake jira. Mahaifina jirgin fito yake tuƙawa a Kwara. Ya taɓa kifewa da mutane, biyu ba su fito ba. Ba wanda ya kai shi gaban alƙali, kowa ya ce kwanansu ne ya ƙare. Shi dai bai sake taka jirgi ba har ya rasu, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Ina so in ji abin da alƙalin can zai ce wa maginin.

Labari ya kai wa yayana cewa ina ɗaukar karatu wurin Kirista. Ya kira ni zaure bayan la'asar.

"Kai, wanga karatu naka, mi ac cikinai? Akwai hukuncin alwalla?"

Na ce babu. Ya ce rabon gado fa, na ce shi ma babu. Ya ce to in je in tambayi malamin nawa wa ya ruwaito, kuma a wane gari kabarin maginin yake.

Na je na tambaya. Ɗan duwan ya yi dariya har ya sauke hularsa, sannan ya ce babu kabari, babu magini, gadar ma babu ita. Wani mutum ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙaga duka.

"Malam, shekara biyu ina cire takalmi don ƙarya ke nan?"

"Mai Jaki, ni ban taɓa ce maka ka cire takalmi ba."

Na kora jakunana. Ran kasuwa bakwai ina ratsa daji ina zagaye rumfarsa ta hanyar 'yan fasa-ƙwauri, ni kuwa ba abin da nake ɗauke da shi sai kifi da haushi. Ƙaya ta cinye mini wando biyu. Duk tafiyar nan maginin yana kaina, don na baro shi a wani masauki saura kwana biyu ya isa birni, ga tari ya kama shi. Ran kasuwa ta takwas na koma rumfar, na cire takalmi na durƙusa. Ɗan duwan ya ɗauko littafin. Ya buɗe inda muka tsaya, tsinken da ya sa alama yana nan.

Mutanen Dahome su suka riga mu samun mulkin kai da wata biyu. An ce a manyan garuruwa an sauke tuta an ɗaga wata. Rumfarsa ba ta da tuta, don haka ba a sauke komai ba. Abin da ya zo takarda ce: an mayar da shi gida bakin teku, babban ofis, mota za ta ɗauke shi ran kasuwa mai zuwa. Ya kama abin da ya rage na littafin tsakanin yatsunsa, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ya ce da irin tafiyarmu ran kasuwa bakwai ne, ko takwas. Daidai waɗanda na ɓatar a daji ke nan.

Ran ƙarshe ban kai kifi kasuwa ba. Na iske ya ɗaure akwatinsa da igiya, ya zauna a kai.

"Mai Jaki, bari in faɗa maka ƙarshen a baki uku, kowa ya huta."

"A'a Malam, ba a tsallake."

"Ba littafin addini ba ne. Na gaya maka ƙagagge ne."

"Na ji. Ƙarya ce. Amma ba a tsallake."

Muka ci gaba layi-layi, ina maimaitawa, har direba ya fara danna ham. Lokacin maginin ya iso ƙofar kotu yana karkaɗe laka daga ƙafarsa. Ɗan duwan ya ce in ara masa wuƙar da nake yanka igiya da ita. Ya kifa littafin a gwiwarsa ya tsaga shi ta baya, ya miƙo mini ragowar, ya hau mota da babban ɓangaren. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce in gaida jakin.

Na naɗe takardun a fata na shiga neman mai Faransanci. A kasuwar Dole Kaina aka nuna mini wani tsohon sojan Faransa. Ya duba ya ce bai san su wa ake magana a kansu ba, sai in ba shi farkon. Na fara ba shi daga layin farko yadda na haddace. Rana ta biyu mun iso masaukin da likita yake, ba a ko kawo abincin ba, ya tuna yana da jana'iza. Rana ta uku matarsa ta ce ya yi tafiya, ina ganin ƙafarsa ta ƙarƙashin zana.

Shekara ashirin da wani abu takardun suna wurina. Gara ta ci gefe ɗaya. Haƙurina ma ya ragu. Bara wani direban babbar mota daga can ƙetare ya yi faci a tashar Bagudo, na ga yana karanta jarida ta Faransanci. Na kawo masa takardun na ce ya karanta ya gaya mini a baki uku. Ya kwanta a inuwar motar yana juya su har la'asar, sannan ya miƙo mini.

"Baba, alƙalin bai zo ba. An ɗage shari'ar."

"Shi ke nan?"

"Akwai surutu da yawa. Tsohon ya zauna a benci shi da uwar ɗaya daga cikin mamatan, suna ta magana har aka rufe kotu. Amma shi ke nan."

Na ce to ya karanta mini surutun, layi-layi, ni ba na sauri. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce an gama ɗaura tayarsa.