Suruka a Cikin Motar Sanyi

Na dawo gida ne a shekarun tsuke bakin aljihu, bayan na sha zama a Kumasi da Njamena da Jidda. Lokacin nama ya fi ƙarfin talaka, mutanenmu suka koma kifin ƙanƙara, wanda a da ake yi wa kallon gawar da ba a san ranar mutuwarta ba. Wani ɗan kasuwa mai motocin sanyi ya ɗauke ni in riƙa raba wa direbobinsa lodi: wannan ya yi Bichi, wancan Ƙaraye, wannan kuma Kabo da Gwarzo. Da azumi ƙanƙara ake nema, da damina kifi, wani sa'in asibiti ya nemi mota don allurar rigakafi. Ina kan aikin har aka ƙaddamar da Shari'a.

Wata ranar bazara na bi motar Gwarzo don in ga sabon dillalinmu. Direban mutumin Kabo ne, mai sanyin hali, ba ya kunna rediyo. Muka sauke kifi, muka yi azahar, za mu juya sai na ga ya tsaya cak. Ya cire takalmi, ya durƙusa tun daga nesa, kansa a ƙasa. Wata dattijuwa ce zaune a bakin tasha da ƙwaryar man shanu a cinya. Ta juya masa ƙeya.

"Surukata ce, Alhaji," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Daga wajen Kutama take. Gidana za ta, mai ɗakina ta haihu."

Danginsu Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama noma, amma kunyar tana nan. Matarsa 'yar fari ce. Tun da ya aure ta, uwar ba ta taɓa amsa masa magana baki da baki ba, sai ta bakin wani.

Babu motar Kabo a tasha. A lokacin kuma an fara hana matan jihar hawa acaɓa. Na je na gaishe ta da Fulatanci, ta saki fuska. Na ce ta shigo gaba, ni zan zauna a tsakaninsu.

"Alhaji, da girmana?" in ji ta. "In zauna ina kallon hannun mai motar yana murza sitiyari? A buɗe mini baya."

Na ce bayan nan ɗakin ƙanƙara ne, ba na mutane ba. Ta ce ita da ta kwana a daji da shanu cikin ruwa, wane sanyi za a nuna mata? A Jidda na ga suruki da suruka suna cin shinkafa a tire ɗaya, a Kumasi na ga suna musu kan kuɗin gishiri. A nan kam sai na buɗe mata bayan. Muka kashe injin sanyi, muka shimfiɗa mata kwali, muka bar ƙofa a buɗe kaɗan muka ɗaure da igiya. Na ce in ta ji wani abu ta buga bango.

Mun yi nisa da gari, gonaki fayau ba kowa, sai motar ta faɗa wani rami. Na ji ƙara daga baya, ƙara ɗaya mai nauyi. Direban ya taka birki kafin in yi magana.

Igiyar ta tsinke. Ƙofar ta rufe, doguwar sakatar ƙarfen ta faɗa raminta, ta lanƙwashe a ciki. Muka ja, ba ta motsa ba. Ƙofar irin wannan mota da roba a bakinta, ba ta buɗuwa ta ciki, iska ba ta shiga. Bangon kuma tun asuba yake shan sanyi.

Direban ya kafa goshi a jikin ƙofar. "Inna," ya ce. "Inna, kina ji na?"

Shiru. Rana tana dukanmu, ga farin ƙarfe yana zufa mai sanyi, ruwa na ɗiga a kan kwalta.

Na buga da tafin hannu. Na kira da Hausa, na kira da Fulatanci. Na sa kunne. Ba tari, ba motsi, ba ko ƙarar ƙwarya. Na taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin ajiye gawa a Kumasi, inda suke ajiye mamaci wata da watanni kafin bikin binne shi. Irin wannan shirun ne, da irin wannan sanyin da ke ratso ƙarfe ya taɓa kunci.

Wasu manoma da ke sharar gona suka taso. Da suka ji abin da ya faru, wani tsoho ya yi salati, ya nemi gindin marke ya zauna. Sauran suka zauna kusa da shi. Ban san sa'ad da suka jeru ba, sai na waiga na ga zaman makoki sosai a bakin titi, kowa ya sunkuyar da kai. Wani yana tambaya a hankali ko garinsu da nisa, saboda wankan gawa.

"Ba ta mutu ba!" direban ya daka musu tsawa, sannan ya dube ni. "Ko ta mutu, Alhaji?"

Na dubi ƙofar. Da ranta da babu, abin da za mu ji daga cikin akwatin nan ɗaya ne muddin surukinta yana tsaye a wurin. Na ce da shi ya ruga ƙauyen da muke hangowa ya nemo maƙeri.

"In tafi in bar ta?"

"Tafi, malam. Ka yi nisa."

Ya tafi yana waige. Sai da ya ɓace a bayan shinge na kwanta a ƙarƙashin motar, na nemo ɗan ramin da ruwan kifi ke zuba. Ƙanƙara da ɓawon kifi sun toshe shi. Na zura kara na huda, na sa baki.

"Inna, ni ne Alhajin. Mai motar ba ya nan."

Na mayar da kunne bakin ramin. Sannan wata murya ta sauko ta ramin, siririya, kamar daga rijiya.

"Ya tafi?"

Manoman suka miƙe. Muka zura bututun kwance taya a bayan sakatar, muka haɗu muka danna, wani yana dukan ta da bayan gatari. Da ta saki, farin hayaƙi ya kwararo ƙasa ya bi ƙafafunmu, wasu suka ja da baya. Dattijuwar tana kwance a kan kwalin, fuskarta kusa da ramin, leɓɓanta sun yi toka, yatsunta sun ƙage a jikin ƙwaryar. Muka ɗauko ta muka kwantar a rana. Ta daɗe tana karkarwa.

Na ce, "Inna, ya yi ta kiranki. Ba ki ji ba?"

"Na ji shi," in ji ta. "Tun kiran farko."

Ta hango shi tafe a guje da maƙeri, ta ja mayafi ta rufe fuska. A amalanken wani manomi ta ƙarasa Kabo, motarmu na bin su a baya a hankali. Ta yi jinyar ƙirji har damina, ta warke.

Direban ya ci gaba da aiki a hannuna shekaru. Ban ƙara ganin ya rufe ƙofar nan haka kawai ba. Ko ya sauke kaya da hannunsa, ko ya ga akwatin fayau, sai ya leƙa ya yi sallama, ya tsaya yana saurare. In ya ji shiru, sai ya hau ya taka har ƙuryar, yana shafa bango.