Masu Dubiyar Inna

Har yau idan sanyi ya shigo, na fara jin tari gida-gida, sai raina ya ɓaci. Ba da sanyin nake fushi ba, da masu zuwa dubiya nake.

Shekarar da mura ta kwantar da Inna, mahaifiyata, an gama kaka ke nan. Rumbunmu na ƙauye, can gefen Gozaki, cike yake da masara da dawa, ga wake, ga kaji da zabbi suna kiwo a bayan gida. Gidanmu ba gidan yunwa ba ne. Da tarin ya ƙi tafiya, na ɗauko ta zuwa asibiti a Malumfashi, inda nake aure. Likita ya duba ƙirjinta, ya rubuta magani, sannan ya ce da ni magani kaɗai ba zai tashe ta ba. Jikinta ya yi rauni, sai an ciyar da ita sosai: ƙwai, nono, wake, romon kaza, zogale, lemo. Na roƙe ta ta zauna wurina, ta ce ita ba ta kwana gidan suruki. Dole na mayar da ita, na bi ta da kayana.

Washegari na sa aka yanka kaza. Na yi farfesu da citta da kanumfari da masoro, ƙamshi ya cika gida. Ina sauke tukunya sai ga sallama. Kawu ne, ƙanenta, da abokansa, sun zo dubiya.

Inna ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Ke, zuba wa kawunki."

Na ce, "Inna, naki ne fa. Likita ya ce…"

"Likitan ne zai rufa min asiri in aka ce an zo gidana an fita ba a sa komai a baki ba?"

Kawu ya ce, "Haba, da kin bar shi, ai na mara lafiya ne." Yana faɗa yana wanke hannu. Suka tashi da kazar tas, har ƙashi suka tauna. Da zai fita ya ba ni shawara, wai kada a ba ta lemo, sanyi ne da shi, kunun kanwa ya wadatar. Ya zuba lemon a aljihu, wai zai kai wa yara.

Haka aka yi ta yi. Mata su shigo su cika ɗaki, wasu ma da tasu murar, suna atishawa a kanta. "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kai, kin rame fa!" Mai faɗar haka tana ɓare dafaffen ƙwan da na ajiye wa Inna. Nonon da matar Fulani take kawo mana da safe, kafin azahar an dama fura da shi an shanye. Ita kuwa Inna ta kurɓi koko ta ce ta ƙoshi. Wallahi ban taɓa ganin mai lafiya ya ci abincin mara lafiya da kwanciyar hankali irin na mutanen nan ba. Kowa sai ya fara cewa a'a, kuma babu wanda a'ar tasa ta hana shi miƙa hannu.

Da na gaji, na ja ƙofa na tsaya a bakinta. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo, na ce Inna barci take yi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa 'yar birni ta zo da fitsara, tana korar dangi. Da maganar ta dawo kunnen Inna, kuka ta yi. Ta ce na kunyata ta a garin da ta tsufa da mutuncinta. Ranar ko kokon ba ta sha ba, ta juya min baya. Na buɗe ƙofar, don ba ni da yadda zan yi.

Tarin ya sauka ƙirji. Muka koma asibiti, wannan karon a kwance cikin mota. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannun Inna tana neman jijiya, ta dube ni ta ce, "Hajiya, wai ba kwa ba ta abinci ne?"

A can ta cika. Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma Allah bai ce a cinye abincin mara lafiya a gabanta ba.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakinta, na jiyo muryar Kawu daga tsakar gida yana share hawaye. "Baiwar Allah ke nan," in ji shi. "Ko tana kwance ba ta yarda baƙo ya fita da yunwa ba." Mata suka amsa, "Ƙwarai kuwa, mu ne shaida."

Su ne shaida kam. Ban gama haɗiye wannan ba aka leƙo daga zaure, aka ce a ƙaro tuwo.