Dutsen da Aka Ce Kwalba Ne

Shekarar da na haifi ɗana na fari na koma gidanmu na Ƙofar Wambai wankan jego, sai na tarar ciwon idon Baba ya yi nisa fiye da yadda ake faɗa mini. Yana gane mutum idan ya matso kusa, amma ja da kore sun zame masa abu ɗaya. Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana sayen duwatsu masu daraja a hannun masu haƙa, ita kuwa wannan sana'a da ido ake yin ta, domin launin dutse shi ne kuɗinsa. Masu kawo masa kaya duk sun koma wajen wasu. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Kullum da hantsi yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ajiye farin farantinsa da ɗan sikelinsa, ya zauna har azahar.

Wata Laraba, na fito daga wanka ke nan, na ji yana kira na. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya faɗin sunana.

"Uwata, sa hijabi ki zo ki ara mini idonki."

Na tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki. Baƙon da ke tsugune gabansa manomi ne daga Miri, mutum mai furfura jefi-jefi, tafin hannunsa duk kanta. Idan rani ya yi yakan bi masu haƙa zuwa duwatsun wajen Toro. Hausarsa irin ta wanda ya koye ta a kasuwa ce, komai "shi" ne a bakinsa, har matarsa. Ya kwance wani ƙullin tsumma, ya ɗora abin da ke ciki a kan farantin. Dutse ne, tsawonsa bai kai ƙaramin yatsana ba.

"Wane launi kika gani?" in ji Baba.

"Babu launi, Baba. Kamar ruwan randa yake."

"Ɗaga shi sama ki duba. Ko ɗan ruwan hoda babu a bakinsa?"

Na ɗaga, na juya, na ce babu.

Sai manomin ya fara ba da labari. Wata uku ya yi a rami, abin da ya samu ke nan. Ya kai wa dillalai uku. Biyu sun yi dariya suka ce ƙanƙarar dutse ce da ake takawa a hanya. Na ukun ya ce fasasshiyar kwalba ce ya goge, ya kira shi ɗan damfara a gaban mutane.

"Alhaji, ni ban zo don ka saya ba," ya ce. "Da hannuna na cire shi a ƙasa. Ina so wani ya ce ban yi ƙarya ba."

Baba ya miƙo hannu. Ya ɗauki dutsen ya rufe ido, ko da yake rufewar ba ta rage masa komai ba. Ya daɗe yana bin jikinsa da farcen babban yatsa, daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya miƙo mini, ya ce in shafa. Na ji wasu siraran layuka a jere, sun bi tsawonsa kamar zanen jikin rake. Ya ce in dubi kan dutsen. Kusurwa uku gare shi, amma gefunan sun ɗan kumburo.

"Ƙanƙarar dutse kusurwa shida take yi, layukanta kuma a kwance suke," ya ce. "Je ki murhun ruwan wankanki, ki ɗebo mini toka mai sanyi da garwashi biyu a kasko."

Na kawo. Ya riƙe dutsen a saman garwashin, nesa kaɗan, yana juya shi har ya yi ɗumi. Sannan ya ba ni ya ce in kai bakinsa kusa da tokar, kada in taɓa. Wallahi ina kallo tokar ta fara tashi tana mannewa a jikinsa. Na yi salati. Manomin ya miƙe tsaye.

"Ta hau?" Baba ya tambaya.

"Ta hau, Baba!"

Ya yi wata dariya da na kwana biyu ban ji irinta ba. Ya ce wa baƙon ya zauna, wannan dutsen da ake kira tomalin ne, shi ne ke jan toka idan ya yi ɗumi, ɗan uwan ja da koren da dillalai ke rububi. Ya faɗa mana abin da wani masanin ma'adinai ya koya masa a Jos tun yana saurayi: can ƙarƙashin ƙasa dutse ke narkewa kamar dalma, yana hucewa a hankali, ruwansa na ƙarshe ya kwarara cikin tsagogi, a nan irin waɗannan ke tsirowa. Idan ƙarfe ya gauraya da shi sai ya fito baƙi ko kore, wani sinadarin kuma ya ba da ja. Wannan babu abin da ya shige shi, shi ya sa samunsa ke da wuya. A duk shekarunsa na sana'a sau biyu ya taɓa riƙe irinsa.

Bai ɓoye masa gaskiya ba kuma. Ya ce farcensa ya ji tsaga a gindin dutsen, kuma masu saye sun fi son mai launi, don haka kada ya sa rai da mota. Ya tura shi wurin wani tsohon abokin cinikinsa, mutumin kudu, Kirista, mai shago a cikin gari, wanda ke da na'urar gwaji kuma ba ya cutar baƙauye.

Bayan kwana takwas manomin ya dawo. Na'ura ta faɗi abin da Baba ya faɗa. Kuɗin da aka ba shi ya isa takin daminar bana da awaki biyu. Ya ce mai shagon da kansa ya raka shi har rumfar dillalin da ya zage shi, ya yi bayani a gaban jama'a, dillalin ya ba shi haƙuri.

"Me ka ce masa?" in ji Baba.

"Na ce Allah ya yafe mu duka. Amma ban ba shi hannu ba, Alhaji. Zuciyata bai kai nan ba tukuna."

Ya so ya ba Baba wani abu, Baba ya ƙi. Da na cika arba'in mijina ya zo ya mayar da ni Fadaman Mada. Daga baya Inna, mahaifiyata, ta ba ni labari cewa da kaka manomin ya zo a kan babur da buhun masara, ya sauke a tsakar gida tun kafin Baba ya sani, don kada a ce ya mayar. Tun daga nan ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba su cika maganar duwatsu ba, in ji ta. Yawanci gardama suke yi a kan ko ruwan bana zai kai na bara, Baba yana cewa zai kai, shi yana cewa Alhaji bai taɓa riƙe fartanya ba.