Kiran da Bai Yanke Ba

Ina gona a Toranke ina cirar gyaɗa abokin aikin ɗana ya kira ni. Motarsu ta kife a hanyar Gaya, yaron ya cika kafin a kai asibiti. Muryar ta fito tar, ko harafi bai ɓace ba. Ni da kullum nake zagin sabis, ranar na so ya ɗauke.

Shi ne ɗana na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" nake ce masa. Da ya gama jami'a na ƙara masa girma, ya koma "Injiniya". Ni a aji huɗu na tsaya, hakan ma malamai sun ce alfarma aka yi mini.

Aikinsa a kamfanin waya shi ne sauya wa turakun sabis mita, yadda gidan rediyo ke komawa wata mitar, don a buɗe wa intanet mai sauri wuri. Da ya ga ban gane ba ya ce, "Baba, kamar a tashi kasuwar Ajingi ne ana tsakar ci a kai ta wani fili, mai awo bai zubar da ƙwaya ɗaya ba." Yakan ce in mutane suka san ya yi aiki, to ya ɓata. Ni kuwa a majalisa sai tsiya ake yi mini, wai na haifi mai sana'ar da ba a gani.

Da aka zo kan turken yankinmu, an so a rufe tsohuwar mitar gaba ɗaya. Ya dage a bar siririn gurbi saboda ƙananan wayoyin tsofaffi da makiyaya, daga nan har Balan. Da tawa ya gwada, mai ɗaure da kyauro. Ya kira da hantsi ya ce, "Yi ta magana, Baba, kada ka kashe." Na ba shi labarin akuyar maƙwabci da ciwon gwiwata, kusan awa guda. Ba mu taɓa hira mai tsawon haka ba. Daga ƙarshe ya tambaya ko na ji wani canji. Na ce ban ji komai ba. Ya ce madalla, an gama.

Nan ne ya kamata in sa masa albarka. Sai na ce batirina ya kusa ƙarewa. Na ɗauka akwai gobe.

Ya bar mata da yara biyu. Allah Ka ba su haƙuri, Ka raya su, Ka ba mahaifiyarsa juriya. Allah Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa.

Allah Ka jiƙan Nafi'u. Nafi'u, Allah Ya yi maka albarka.