Yatsan Baba Audu da Allon Asibiti

Ranar Talata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ina shagon buga takardu da nake koyon aiki a Magajin Gari. Baba Audu, tsohon mai rubuta allo da fenti, ya dangwali yawu ya goga a gefen aikina na farko, allo mai kibiya na wani ƙaramin asibitin haihuwa na hanyar Kuyello. Sau uku na duba rubutun, babu kuskure.

Ya nuna mini yatsansa, ya yi jawur.

"Ɗana, wannan ɗan ɗaki ne, ruwan farko zai wanke shi. Kibiyar ma da ja ka yi ta? Ai ja rana ke fara ci. Mai naƙuda a bayan babur ta iso mararraba, wa za ta tambaya, itatuwa?"

"Baba, a kwamfuta ya fi kyau."

"A kwamfutar za ka kafa shi?"

Ya ja ni bakin titi, ya nuna mini allon ƙarfe da ya rubuta tun ba a haife ni ba, baƙi a kan ruwan ɗorawa. Tsatsa ta ci ƙafafunsa, amma kowane harafi na nan.

Na sake aikin a kan ƙarfe, da baƙar kibiya.

Har yanzu ban san abin da yake zubawa a fentinsa ba, ko damina nawa allona zai jure, ko zai yarda ya koya mini. Wanda ya san yadda ake roƙon irin su Baba, don Allah ya faɗa mini.