Ai An Ɗauke Wuta

Ni ce na yanka burodin. Kullum daga nan tunanin yake farawa, kafin sauran su biyo baya.

'Yata ce ta fari, shi ya sa ba zan rubuta sunanta a nan ba, kamar yadda ban saba kiransa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", har ta yi aure ta haifi biyu. A Gwaram na haife ta, aure ya kai ta Birnin Kudu, gidan wani malamin Islamiyya mai sanyin hali. Sana'arta ɗinkin hula. A wurin kakarta ta koya tun tana ƙarama, kuma kakar ba ta rasu ba sai da ta faɗa da bakinta cewa hannun jikar ya fi nata. Idan ta zauna da allura ba ta son surutu. Babban yatsa da ɗan manuni su ne ke aikin, suna shiga suna fita, ka rantse ba ta kallon abin da take yi. Har daga Basirka da Kiyako ake aiko mata da saƙon hular angwaye.

Ban cika zuwa gidanta ba, kunya ba ta bari. Ciwon ido ne ya kai ni wannan karon. Likita ya ɗiga mini magani ya ce in dawo jibi, sai ta hana ni komawa gida, ta ce ba zan yi ta hawa mota da ido yana ruwa ba.

Washegari da safe, bayan Malam ya fita makaranta da yaran, ta hau kujera ta sauko da wani kwali daga saman kabad. Na'urar gasa burodi ce, wadda suke kira tosta. 'Yan'uwan babanta ne suka sa mata a kayan ɗaki, ta yi shekaru a ajiye ba a buɗe ba.

"Inna, yau za ki ci burodi irin na 'yan boko," in ji ta.

Na ce, "Ke, ai ni ma 'yar bokon ce. Ko kin manta na yi ajin yaƙi da jahilci?"

Ta yi dariya, ta zaro wata takarda daga cikin kwalin ta miƙo mini. "To 'yar boko, karanta mana."

Na kai takardar kusa da idona mai lafiya. Baƙaƙen duk na san su, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana, don Turanci ne. A ƙasa na ga hoton wuƙa da cokali mai yatsu an ja musu layi. Na ce mata, "Sun ce abin ba ya bukatar wuƙa da cokali, da kansa yake komai." Muka yi dariya tare, ta ninke takardar ta mayar cikin kwali.

Burodin da muke saye dunƙule ne, ba yankakke ba. Tana wanke kofunan shayi, ni kuma na ɗauki wuƙa na yanka yadda na saba. A gidanmu, wanda ya yanka wa baƙo burodi siriri marowaci ake ce masa. Ta juyo ta gani, ta ce, "Inna, ya yi kauri fa."

"Danna shi, zai shiga."

Ta danna ya shiga da ƙyar. Ba a jima ba ƙamshi ya tashi, sai ƙamshin ya koma ƙauri, hayaƙi ya fara fitowa. Burodin ya kumbura ya maƙale, abin da ya kamata ya cillo shi sama ya ƙi tashi. Muna cikin haka fanka ta tsaya, firji ya yi shiru. An ɗauke wuta.

Na gan ta da idona ta nufi bango za ta cire wayar. Soket ɗin yana bayan kabad ɗin kwanuka, sai an ja kabad ɗin kafin hannu ya kai. Ta dafa shi za ta ja, kwanuka suka fara ƙara. A nan ne na faɗi maganar.

"Bar wahalar da kanki. Ai an ɗauke wuta. Sa wuƙa ki zaro shi."

Ina so duk wanda ya karanta wannan ya san ba ganganci na yi ba. Na san wuta, a gaban murhu na tsufa. Wutar da na sani, in ka janye itace ka yayyafa ruwa, ta mutu ke nan, ba ta tashi sai ka hura. Ta lantarkin ma, a unguwarmu can Gwaram in aka ɗauke ta, sai mu kwana mu wuni ba mu sake ganinta ba. Ban san a unguwarsu takan ɗan tafi ta dawo kafin ka sha ruwa ba. Ita ta sani. Amma ni na faɗa, kuma ba ta saba yi mini musu ba.

Ta ɗauki wuƙar da na yi yanka da ita, irin wadda har ƙotarta ƙarfe ce. Hannunta da danshin wanke-wanke. Ƙafarta ba takalmi, sumuntin kicin ɗin kuwa ta goge shi da ruwa bai gama bushewa ba. Ta zura wuƙar tana ƙwaƙulo burodin, tana ce mini, "Inna, wannan ai gawayi za ki ci." Sai na ji yaran layi sun kwashe da ihu a waje, "An kawo wuta!" Fanka ta motsa.

Ba ta yi ƙara ba. Hannunta ne ya damƙe wuƙar, jikinta ya sandare, haƙoranta suka haɗu. Na ji wata murya ta kira sunanta da ƙarfi, sau biyu. Daga baya na gane tawa ce.

Na yi kanta zan rungumo ta. Maƙwabciyarsu ce ta fizgo ni ta baya har zanina ya kunce. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga kudu aiki ya kawo su, Maman Tagwaye ake ce mata. Tana shanya a bakin ƙofar kicin ɗin lokacin da na yi ihu. "Mama, kar ki taɓa ta!" Ta wawuro muciya busasshiya daga jikin bango ta doki tostar, ta faɗo ƙasa, wayar ta fizgu daga soket. Yarinyar nan ta sulale ta zauna, tana kallon hannunta kamar ba nata ba.

A asibiti da aka wanke wurin, 'yan tabo ne kawai farare, ɗaya a babban yatsa ɗaya a ɗan manuni, sai wani a tafin ƙafa. Na ce alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi. Likitan ya dube ni ya ce, "Hajiya, ƙunar lantarki a ciki take ci. Ya taɓa jijiya. Sai mu jira mu gani." Ya ce mu gode wa Allah da bai bi ta zuciya ba. Mun gode, har yau muna godewa.

Da Malam ya zo ya tambayi yadda aka yi, ina zaune a gefe na ja mayafi na rufe rabin fuska. Kafin in buɗe baki ta riga ni. "Ni ce na sa wuƙa a ciki, ban cire waya ba." Ya ce ƙaddara ce, ya juyo ya ba ni haƙuri, wai an tayar mini da hankali ina baƙuwa. Na karɓi haƙurin. Har yau bai sani ba, kuma ita ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa.

Da yamma, bayan mun dawo gida, Maman Tagwaye ta shigo duba ta. Ta ɗauko tostar ta ajiye a gabanmu, ta ce ba don ta ɗora wa kowa laifi ba, don gaba. Ta nuna mini siraran wayoyin da ke ciki, ta ce muddin abin yana jone da bango, ƙarfe bai isa ya shiga wurin nan ba. A fara cire waya daga soket, a bar shi ya huce, sannan a kifa shi a girgiza. Ta kifa, gutsuren burodin da ya jawo mana duk wannan ya faɗo da kansa a kan tabarma. Ta ce in ya ƙi faɗowa, a sa tsinken itace ko cokalin katako a hankali, hannu a bushe, ƙafa da silifa.

Na ce, "Ko an ɗauke wuta?"

Ta ce, "Mama, lokacin ma ya fi haɗari. In tana nan kin san tana nan. In ta tafi, ba ta yin sallama in za ta dawo."

Na yi ta kallon gutsuren nan a kan tabarma. Kifawa kawai.

Ciwon waje ya warke cikin 'yan makonni. Yatsun ne suka ƙi. Babban yatsa ya daina haɗuwa da ɗan manuni yadda ya kamata, kuma ta ce ba ta jin kansu, kamar an naɗe su da tsumma. A asibiti suka ba ta wata 'yar ƙwallo ta riƙa matsawa. Ni kuma na aika da man kaɗanya da man shanu a riƙa murza mata. Malam ya yi tofi, iyayensa sun yi addu'a. Tana iya tuƙa tuwo, tana iya wanki, tana ɗaukar bokiti. Allura ce ba ta riƙuwa. Ta gwada da hagu wata da watanni, zanen yana karkacewa, ta yi ta warwarewa har yadin ya huhhuje. Masu aiko saƙo suka yi ta cewa Allah ya ƙara sauƙi, daga baya suka daina aikowa. Likita ya ce jijiya takan dawo cikin shekara. Shekarar ta wuce, ta biyu ma ta kusa.

Tostar ba ta lalace ba. Da ƙanwar Malam za ta yi aure aka sa mata ita a cikin kaya. Na zauna da biro na rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa, yadda aka koya mana a aji: CIRE WAYA DAGA BANGO KO AN ƊAUKE WUTA. KAR A SA ƘARFE. Na ba da a liƙa a jiki. Amaryar ta karanta ta yi dariya, ta ce, "Inna, ai wannan kowa ya sani." Na ji an ce ta ɓare takardar don tana ɓata wa abin kyau.

Da sallar da ta wuce yarinyar nan ta zo Gwaram da yaranta. Bayan an ci abinci an watse, ta buɗe jaka ta fito da wata hula da ba a gama ba, wadda take kai a makon da abin ya faru. Rabin zanen yana nan, shuɗi da ruwan toka, ɗinki sumul kamar ba hannu ya yi ba. Ta ce, "Inna, zura mini zare, ina jin kamar yatsan ya ɗan motsa kwanan nan."

Idona bai gama gyaruwa ba, na daɗe ina lalube kafin zaren ya shiga. Na ɗora mata allurar tsakanin yatsun, na matse su da nawa, sannan na saki a hankali. Ta kai ta jikin yadin. Allurar ta zame ta faɗa kan tabarma. Na tsinto na sake ba ta, ta sake faɗuwa. A karo na uku ba ta miƙo hannu ba.

"Bar shi, Inna."

Na so in kira sunanta kamar ranar nan, in faɗa mata abin da ke raina. Na soke allurar a gefen hular don kar yara su taka, ita kuma ta tashi ta tafi ɗauko musu ruwa. Da za su koma ba ta ɗauki hular ba. Tana cikin akwatina, a ƙarƙashin zannuwa, da zaren a jiki.