Gawa da Salka

An kashe ni a Tawa, gaban jama'a, amma ban mutu ba.

Ɗan ƙanwata malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Ya haɗa wasan kwaikwayo daga wani tsohon littafin kasada, labarin samarin da suka ratsa hamada neman ɓoyayyen gari. Yana neman wanda zai fito a jagora, sai ya tuna da ni. Na yi shekaru ina kora shanu daga Takanamat zuwa arewa. Fari ya cinye mini garke, ƙishirwa ta taɓa kai ni bakin kabari.

Ban yi karatu ba, da baki ya ba ni labarin. Jagora ke gaba, shi ke duba sawu, shi ke gano rijiya. Na ji daɗi. Sai ya ce dab da ƙarshe maciji zai sare shi ya mutu, samarin su ƙarasa su kaɗai. Na tambayi dalili. Ya ce haka ake yi wa jagora a irin waɗannan littattafai, da ya gama nuna hanya aikinsa ya ƙare.

Gasa ce tsakanin makarantu, kuma ya sa rai ƙwarai.

"Kawu, abu guda nake roƙo. In ka faɗi, ka kwanta."

Na yi masa alkawari.

Ranar wasa na naɗa rawani, na rataya salkata cike da ruwa, don na ƙi ɗaukar wadda ba komai ciki. Fili ya cika, har 'yan kabu-kabu sun kashe babura sun tsaya. Aka jefo macijin igiya, na dafe ƙafa na zube. Matata daga cikin mata ta ce kaf aurenmu ba ta taɓa ganin na bi umarni da sauri haka ba. Aka lulluɓe ni da zane.

Zanen yana da huda. Ta nan na hango samarin sun nufi hamada, sun bar salka gefen ƙafata. Na san wasa ne. Na san akwai famfo bayan labule. Ƙafafuna ne ba su sani ba. Na miƙe da zanen a ka, na sungumi salka na bi su.

"Ku 'yan banza, wa ke shiga daji ba ruwa?"

Suka waiwayo suka ga gawa tafe. Gudu na gaske suka yi, ɗaya ya dira cikin 'yan kallo. Wani tsoho ya kama salati, mata suna riƙe ciki don dariya, ni kuma ina zagaye fili ina miƙa ruwa.

Wata makaranta ta ci gasar. Ɗan ƙanwata ya daina zuwa gidana har Salla. Da ya zo, bayan gaisuwa ya ce ya gyara wasan, yanzu jagora tashi yake yi, ko zan sake fitowa.

Ina kasuwar dabbobi ta Tawa ina sai da igiya. Duk wanda ya wuce sai ya tambaye ni ya mutanen lahira.